Yadda Ake Jan Zaman Sauke Nauyin Zuciya Na Rukuni, Mako Zuwa Mako

Tun da na ba da labarin zaman da muke yi da mata 'yan gudun hijira a nan Kasala, a gabashin Sudan, tambaya iri ɗaya ce ke iso ni daga Gadarif, daga Bur Sudan, daga Halfa Sabuwa, har da wata baiwar Allah da ke Jidda: "Malama, ta ina ake farawa?" Wasu ma sun riga sun gwada. Sun tara mata ashirin a rumfa, an yi kuka, an sha shayi, mako na uku aka nemi kowa aka rasa.

Ni ba likita ba ce. Malamar firamare ce wadda yaƙin Sudan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe wa aji, ya cika shi da mutanen Hartum, daga baya na Madani, daga baya kuma na Sinja da gabashin Jazira. Horon da aka ba mu na 'yan kwanaki ne, sauran a kan tabarma na koye shi, da kurakurai. Zan riƙa cewa "ke" saboda mata nake ja wa zama. Namijin da zai yi wa maza, matakan ɗaya ne, sai dai kada a haɗa maza da mata a zama guda.

1. Ki yanke irin zaman da za ki yi

Wannan zama ba wa'azi ba ne, ba zaman makoki ba ne, ba adashi ba ne, ba kuma layin rajistar kayan agaji ba ne. Mutane kaɗan ne masu damuwa iri ɗaya, suna haɗuwa a rana ɗaya da wuri ɗaya na makonni ƙidayayyu, suna taimakon juna da kunne da shawara, wata na riƙe musu linzami.

Tsarin da nake bi na ɗauko shi daga wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 don masu ciwon damuwa: mutum 6 zuwa 10, zama 8, sau ɗaya a mako, kowane zama minti 90. Ni takwas nake ɗauka. Ki yi lissafin da kanki. In an cire minti 20 na buɗewa da rufewa, saura 70. Mutum takwas, kowa na da kusan minti 9. Mutum ashirin kuwa minti uku da rabi ne, gaisuwar Bahaushiya ma ba ta ƙarewa a minti uku da rabi. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Ki zaɓi damuwa ɗaya: waɗanda suka rasa mazajensu, ko waɗanda barci ya gagara tun da suka fito, ko waɗanda zaman cunkoso ya haɗa su rigima da dangi.

Gargaɗi: kada ki haɗa wadda ta ga gawar mijinta da wadda nata ya ɓace ba labari. Ta farko za ta ce "ki saki ranki, ya tafi," ta biyu kuwa duk ƙarar waya gabanta faɗuwa yake. Za su ji wa juna ciwo ba da nufi ba.

Daga mako na biyu ƙofa ta rufu. Wadda ta zo daga baya ta jira rukuni na gaba, ko da 'yar uwarki ce.

2. Ki nemi abokiyar aiki da ƙofar asibiti

Kada ki ja zama ke kaɗai. Idan wata ta tashi ta fita da kuka, dole wata ta bi ta, wata ta zauna da sauran. Ku raba aiki tun daga gida: ke da magana, ita da agogo, da ƙofa, da lura da fuskoki.

Kafin ki gayyaci kowa, ki taka da ƙafarki zuwa asibiti ko cibiyar lafiya mafi kusa, ki san wa ke duba masu taɓin hankali da masu tunanin kashe kansu, wace rana, ƙarfe nawa, da inda ake karɓar wadda aka yi wa fyaɗe. Ki rubuta a bangon littafinki. Ranar da za ki buƙace shi ba za ki samu natsuwar tambaya ba.

3. Ki ga kowace mace ita kaɗai

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma yake ɓata musu aiki. Ki ba kowace minti 20 zuwa 30, a inda ba a jin ku. Ki tambayi barcinta, cin abincinta, ko tana iya ayyukanta na yini, da abin da take so ya sauya nan da wata biyu. Sannan ki tambaye ta kai tsaye, ba kewaye: "Yaya, ko tunanin raba kanki da duniya ya taɓa zuwa miki?" Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin da ba shi da shi. Yawanci ma ajiyar zuciya ake yi, don an samu wanda ya tambaya.

Wadda ke da shirin cutar da kanta, da wadda ke jin muryoyi ko ganin abin da ba a gani, da wadda ba ta iya bin zance, wurin likita ya kamata su fara zuwa. Ki raka ta, kada ki tsaya a kwatance.

Sai batun dangantaka, wanda a wurinmu ya fi komai wuya. Mu Hausawan Sudan, in aka ja zare daga Mai Wurno sai ya ɓullo a Damazin, ya zagayo Gadarif. Ki bincika sosai: kishiyoyi ba sa zama tare, haka suruka da matar ɗanta, haka uwa da 'yarta, haka mai bin bashi da wadda ake bi. Matar da ba ta iya cin abinci a gaban surukarta, ta yaya za ta faɗi abin da ɗan surukar yake mata? Ki raba su rukuni daban-daban.

Ki tambaye ta kuma me za ta gaya wa maigida. Wasu mazan sukan hana saboda suna zaton tonon asirinsu za a yi. Ya fi kyau ya sani tun farko cewa zaman mata ne na lafiyar zuciya, rana kaza, sa'a kaza.

Gargaɗi: ki faɗa da baki, sau biyu, cewa babu gari, babu mai, babu kati, babu kuɗi. Duk wanda ya yi gudun hijira ya koyi cewa in aka rubuta suna to rabo na tafe. Na taɓa yin nauyin baki a kan wannan, mata uku suka yi ta zuwa har mako na huɗu suna jiran ranar rabo, da suka gane babu sai suka fita da fushi, suka bar sauran da sanyin jiki.

4. Wuri, lokaci, kaya da kuɗi

Wuri mai ƙofa, ko aƙalla rumfar da ke nesa da hanya. Ki gwada: abokiyar aikinki ta zauna ciki ta yi magana, ke ki tsaya waje. In kin ji, kowa zai ji. Rakuba, wato rumfa, da aka kewaye da buhu ba ta riƙe magana.

A zauna a da'ira, kowa na ganin fuskar kowa, kuma tsayi ɗaya. Ko dai duka a tabarma, ko duka a bambar, wato 'yar gajeriyar kujerar igiya. Kada ki hau kujera ki bar su a ƙasa, nan take kin koma malamar aji. Kada kuma a ɗora Hajiya a angarib, wato gadon igiya, don girmamawa, daga ranar ita ce alƙaliyar zaman.

Lokacin da ya fi mini shi ne bayan la'asar, a tashi kafin magariba. Ki kauce wa ranar rabon kaya da lokacin da takiya, wato wurin girkin sadaka, ke raba abinci, babu wadda za ta bar layin miya don magana. A Afrilu da Mayu rana kan wuce digiri 40, zaman hantsi azaba ne. Da damina kuma, in kogin Gash ya kawo ruwa, ki tuna da waɗanda ke zuwa daga nesa.

Kuɗi kuwa, kada ki rubuta kasafi da fam, kuɗin Sudan. Farashin sukari na Asabar ba shi ne na Laraba ba. Ki ƙirga da kaya, ki saye busassun gaba ɗaya ranar da Bankak, manhajar biyan kuɗi ta waya, ya yi aiki. Na mako takwas ga mutum goma, har da ku biyu: sukari kilo 4, ganyen shayi fakiti 2, gawayi ƙaramin buhu, kofuna 10, sabulu, jarkar ruwa guda a kowane zama, littafi da biro, da agogon bango ko na hannu. Abu biyu ne suka fi cin kuɗi, kuma su aka fi mantawa: kuɗin raksha, wato keke mai ƙafa uku, na waɗanda ke nesa, da ladan yarinyar da za ta riƙe yara a waje. Jariri mai shan nono ya shigo, amma ɗan shekara biyar yana ji, yana kuma maimaitawa a gida.

Ruwan ya zama dafaffe ko mai kulorin. Wanda ya ga kwalarar 2024 a Kasala ba sai an yi masa bayani ba.

Gargaɗi: kada ki ce a riƙa karɓa-karɓar kawo sukari. Ranar wadda ba ta da shi, ba za ta ce babu ba, ciwon kai za ta aiko. Jabana kuma, wato gahawa, a bar ta sai an tashi. Suya da daka da tafasa sau uku za su cinye miki rabin zama.

5. Zama na farko

Minti 10 na farko gaisuwa da addu'a gajera. Ki faɗi ko ke wace ce, zama nawa ne, yaushe za a ƙare. Ranar ƙarshe a faɗe ta tun ranar farko.

Sannan kowa ta faɗi sunan da take so a kira ta, inda ta fito, da abu ɗaya da take fatan samu. Iyakar abin ke nan.

Gargaɗi mafi girma a wannan jagora: kada ki ce kowa ta ba da labarin abin da ta gani a hanya. Tilasta wa mutum ya zazzage abin firgici dalla-dalla a zama guda ba ya warkarwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta hana a riƙa yin haka. Wadda ta faɗa za ta koma gida da kunya da mafarki, waɗanda suka ji kuma an ƙara musu kaya. In wata ta fara zurfafawa, ki ce: "Inna, na ji nauyin wannan. Muna da makonni, ba sai yau ba."

Sai dokoki, minti 30. Kada ki karanta musu. Ki tambaya: "Me zai sa ki saki jiki a nan, me kuma zai hana ki dawowa?" Dokar da ta fito daga bakinsu ita za su tsare. Ki tabbata dai waɗannan sun shiga, ko da ke za ki tuno da su.

Amana. Abin da aka faɗa a tabarmar nan a nan zai kwana, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ki fayyace: har miji, har aminiya, har "wata ce ta ce" ba tare da suna ba, domin a sansani kwatance ya fi suna saurin fallasa mutum. Ki kuma faɗi iyakar amanar a fili: idan rai na cikin haɗari, nata ko na wani ko na yaro, za ki nemi taimako, kuma ita za ki fara gaya wa. Ki ƙara da gaskiyar da ba daɗi: ke za ki iya rantsuwa a kan bakinki, ba a kan bakin mutum takwas ba, don haka kowa ta auna abin da za ta fitar.

Waya a faifai, a kashe. Babu hoto, babu ɗaukar murya. Wadda ke jiran kiran wanda ya ɓace ta ba abokiyar aikinki tata ta riƙe a bakin ƙofa.

Babu siyasa, babu sunan ƙabila. A tabarma ɗaya za ki iya samun wadda ɗanta ke ɗauke da bindiga da wadda bindiga ta kashe wa nata. A faɗi zafin, a bar neman mai laifi.

Mutum ɗaya ke magana. Wadda ba ta so ta ce "a wuce ni."

Akwai wata doka tawa da nake roƙo a karɓa: ba a cewa "yi haƙuri" sai mai magana ta dasa aya. Haƙuri ibada ne, ba ni da ja. Amma a bakinmu sau da yawa murfi ne da ake kifa wa tukunya don kada ta yi bori a gabanmu.

Ki rufe da numfashi. Hannu a ciki, a ja iska ta hanci ana ƙirga uku, a sake ta ta baki ana ƙirga uku, na minti biyu. Za su yi dariya a ranar farko. Ba laifi.

6. Tsarin kowane zama, da mako na biyu

Daga nan kowane zama fasali ɗaya ne. Minti 10 numfashi da zagaye: kowa ta faɗi yadda makon ya kasance da lamba, daga 1 zuwa 10. Wadda ba ta saba da lamba ba ta nuna da kofin shayi, cike ne, rabi ne, ko saura ƙasa. Minti 65 zuwa 70 a kan mutum biyu ko uku da suka fi buƙata a ranar. Minti 10 na ƙarshe kowa ta faɗi abu ƙarami ɗaya da za ta gwada kafin mako mai zuwa. A fara kan lokaci ko da mutum huɗu ne, a tashi kan lokaci ko da zance ya yi daɗi. Sabuwar magana mai nauyi ba a buɗe ta a minti 10 na ƙarshe.

Wani masani ɗan Amurka, Bruce Tuckman, ya rubuta a 1965 cewa rukuni kan bi matakai huɗu: haɗuwa, saɓani, daidaitawa, sai aiki. A 1977 shi da Mary Ann Jensen suka ƙara na biyar, rabuwa. Amfanin sanin wannan a gare ki ɗaya ne: kada ladabin farko ya ruɗe ki, kada kuma rigimar da ke tafe ta firgita ki.

Mako na biyu na ladabi ne. Kowa "alhamdu lillahi," kowa ke take kallo in za ta yi magana. A nan ke ce mai yawan magana, kuma daidai ne. Aikinki ɗinki ne: in wata ta ce asuba take gani ido biyu, ki tambaya, "Wa kuma ya san wannan?" Hannu biyar za su tashi. Lokacin da mace ta ga ba ita kaɗai ba ce, kuma ba haukacewa take yi ba, rabin dalilin zuwanta ya biya.

7. Mako na uku da na huɗu: zo mu zauna, zo mu saɓa

A nan yawancin rukuni ke mutuwa, kuma jagora ce ke kashe shi da hannunta, don gudun rigima.

A rukunina na farko, mako na uku, wata yarinya da ta fito daga Hartum tana faɗin yadda take kewar ɗakinta, da labulenta, da firijin da ta yi shekara tana biya. Wata dattijuwa mutuniyar Sinja ta gyara taub ɗinta, wato mayafinta, ta ce, "Ku da kuka fito a mota, me kuka gani? Mu kwana huɗu muka yi a ƙafa, takalmin nan igiya na ɗaure shi da ita." Ta miƙo ƙafa kowa ya gani. Wuri ya yi tsit. Ni kuwa sai na ce a yi salati, na jawo butar shayi na hau zubawa. Aka sha, aka tashi da fara'a. Yarinyar ba ta sake zuwa ba, sauran kuma suka koyi darasin da ban yi niyyar koyarwa ba: a nan wadda ta fi shan wuya ce kaɗai ke da bakin magana.

Yanzu ga abin da nake yi, a jere.

Na ɗaya, in tsayar da zance, in faɗi abin da na gani ba tare da hukunci ba: "Mu dakata. Maganar nan ta taɓa mutane."

Na biyu, in fara da mai zafin, ba da faɗa ba. "Inna, kwana huɗun nan, har yau babu wanda ya tambaye ki yadda kika yi su, ko?" Ƙarƙashin irin wannan fushi kusan kullum akwai wadda take jin ba a ga wahalarta ba.

Na uku, in juya ga wadda aka soka: "Ƙanwata, da kika ji haka, me ya zo miki?" In ba ta iya ba, ba na matsa mata.

Na huɗu, in miƙa wa sauran: "Wa ya taɓa jin kunyar faɗin damuwarsa don ya ga ta wani ta fi?" A nan ne zancen ke tashi daga kan mutum biyu ya zama na kowa.

Na biyar, in tuno da dokar da suka kafa da bakinsu, ko in ce a ƙara sabuwa: ba a auna wahala da mudu.

Wani lokacin ke za a nufa. "Malama, mako uku muna zuwa, me muka samu?" Kada ki kare kanki, kada ki jero ƙoƙarinki. Ki ce, "Tambaya ce mai kyau. Me kika sa ran samu? Wa kuma ke jin haka?" In suka ga an ƙalubalance ki ba ki yi fushi ba, ba ki kuma rushe ba, sai su yarda tabarmar na iya ɗaukar maganar gaskiya.

Gargaɗi: zagi, gori da barazana ba saɓani ba ne. Ki yanke su nan take. Duk wadda ba ta zo ba a waɗannan makonni biyu, a je a same ta kafin kwana biyu, ke ko abokiyar aikinki, ba wata daga cikin rukuni ba.

8. Mutum huɗu da ba a rasa su

Mai cinye zance. Kada ki jira sai mutane sun fara hamma. Ki shiga inda ta ja numfashi: "Gwaggo, bari in riƙe wannan da kika faɗa, in ji ko ya taɓa wata." In abin ya ci gaba, ki same ta a gefe ki ba ta aiki, ta taya ki jawo masu shiru. Ki zauna kusa da ita, ba gaba da gaba ba, don ido ne ke ƙara mata mai.

Mai shiru. Shiru ba rashin amfana ba ne. Ki yi mata tambaya ƙarama mai amsa gajera, ki kuma lura ko ƙaramar cikinsu ce, kunyar manya ke riƙe ta.

Mai wa'azi. Kowace damuwa tana da aya a kanta. Kada ki yi jayayya da aya. Ki ce, "Gaskiya ne, Malama. Ke fa, da dare in kowa ya yi barci, yaya zuciyarki take?" Sau da yawa ita ce ta fi kowa ɗaurewa.

Saniyar ware. Ita ce mafi haɗari, saboda sauran kan haɗa kai a kanta su ɗauka haɗin kai ne na gaske. Wataƙila bazawara ce, ko Hausarta ta gauraye da Larabci har ana mata dariya. Da kin ga ana haɗa ido in ta buɗe baki, ki tsaya a gefenta a fili. Harshe kuwa, kowa ta yi da wanda zuciyarta ke magana da shi, a fassara wa juna.

9. Mako na biyar da na shida: ki ja da baya

Za ki gane an iso nan da alamu. Sun daina kallon ki in suna magana. Wata ta tambayi wata, "Yaya kika ƙare da maganar makarantar yaron?" Wata ta tuna wa wata doka kafin ki buɗe baki. Daga nan maganarki ta ragu zuwa abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. In aka yi shiru, ki ƙirga ashirin a zuci kafin ki ce komai. Wannan ya fi ba ni wuya fiye da komai, mu malaman aji shiru tsoro yake ba mu.

Yanzu ne lokacin warware matsala. A zaɓi ɗaya wadda hannu zai iya kaiwa. "Yaƙi ya ƙare" ba ta cikinsu, "ni da matar yayana muna faɗa a kan murhu ɗaya" tana ciki. Mai matsalar ta faɗe ta a jimla ɗaya. Kowa ta kawo dabara, ba a kushe ko ɗaya. Ita ce za ta zaɓa, ba ke ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta faɗi ranar da za ta yi da wanda zai taimaka mata. Mako mai zuwa da ita za a fara, ko ta yi ko ba ta yi ba, kuma rashin yi ba abin tuhuma ba ne.

In suka ce, "Malama, ke me kika gani?" ki mayar musu tukuna. In za ki faɗi naki, ya zo a ƙarshe, a matsayin ɗaya daga cikin dabaru. Labarin kanki kuma kaɗan, kuma wanda ya riga ya warke.

Gargaɗi: a wannan lokaci ne ake fara rance da ƙananan ƙawance a waje. Ƙawance ba a hana shi. Amma bashi tsakanin 'yan rukuni a jinkirta shi sai an gama, kuma kada a buɗe zauren WhatsApp da ake ci gaba da zancen tabarma, waya ɗaya mutum biyar ke taɓa ta a gida.

10. Idan abu ya ɓaci a tsakiyar zama

Kuka ba gaggawa ba ne. A bar ta ta yi, a miƙa ruwa, kada a rufe ta da runguma sai in ta so.

In wata ta sandare, ko ta hau haki da rawar jiki kamar tana can wurin da abin ya faru, ki kira sunanta da murya a kwance, ki gaya mata inda take da ranar da ake ciki, ki ce ta taka ƙasa da tafin ƙafa ta faɗi abubuwa biyar da take gani. Kada a taru a kanta, kada a watsa mata ruwa. Abokiyar aikinki ta sa sauran numfashi.

In wata ta ambaci kashe kanta, kada ta koma gida ita kaɗai a ranar. A nemi wanda ta yarda da shi, a kawar da magani da guba da wuƙa daga kusa da ita, a kai ta ƙofar da kika rubuta a mataki na 2.

In fyaɗe ne kuma sabo, agogo na aiki: maganin kariya daga ƙanjamau cikin sa'o'i 72 ake fara shi, na hana ɗaukar ciki cikin sa'o'i 120. Ki ja ta gefe, kada a tattauna a da'ira, kuma kada a kai maganar ko'ina sai da yardarta.

Bayan kowane zama, ku biyu ku ɗauki minti 15: wa ya yi magana, wa bai yi ba, wa za a bi gida, ke kuma me ya tsaya miki a wuya. A littafi harafin farko na suna kawai, ba garin da ta fito, ba sunan miji. In kin ga kin fara mafarkin labaransu, ki huta kafin ki ɗauki wani rukuni.

11. Mako na bakwai da na takwas: sallama

Tun mako na shida ki fara ƙirga musu: saura biyu, saura ɗaya. Kada ki yi mamaki in lambobi suka sauko, ko wata ta dawo da damuwar da aka ɗauka ta wuce, ko wata ta ƙi zuwa zaman ƙarshe. Sabo ake yi wa kuka, balle ga mutanen da aka raba da gidajensu ba sallama. Wannan karon su samu su yi ta.

Tun da sojojin Sudan suka sake karɓe Madani a Janairu 2025 da Hartum a Maris, wasu kan samu motar komawa a tsakiyar rukuni. Ki roƙa tun farko cewa duk mai tafiya ta faɗa mako guda kafin, a ba ta minti 15 a yi mata sallama kamar ta ranar ƙarshe.

A mako na bakwai kowa ta kwatanta lambarta ta farko da ta yau, ta faɗi alamar da za ta nuna mata abin na dawowa, da mutum biyu da za ta nema in hakan ta faru. Wadda ba ta samu sauƙi ba ki gan ta ita kaɗai, ku shirya zuwa asibiti ko shiga wani rukuni. Kada ki ƙara mako na tara saboda tausayi.

A mako na takwas ba a buɗe sabuwar magana. Kowa ta juya ga ta hannun damanta ta faɗi abu ɗaya da ta ƙaru da shi daga gare ta. Za su so ba ki kyauta, turare ko ɗan lalle. Ki gode, ki ce a raba a da'ira. In suna so su ci gaba da haɗuwa, su zaɓi wata rana da wani wuri, su juya jagoranci a tsakaninsu, ke baƙuwa ce in an gayyace ki. Ki tuna musu cewa amanar ba ta ƙare da zaman ba.

A ranar ce kaɗai nake yarda a soya buni, wato 'ya'yan gahawa, tun ana zaune. In jabana ta sauka daga wuta, sai in yage shafukan rukunin daga littafina, in nuna musu, in sa a garwashin a gabansu.